HP, Dell ko MacBook: wacce ce ba ta ƙin buɗe fayil?

Abban_Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan shagon buga takardu a wajen Kabuga, kwamfutoci uku ne a ciki, duk Dell na tebur, na hannu na saye su shekara shida ke nan. Satin nan sau biyu ina jin kunya a gaban kwastoma. Ranar Litinin wata ɗaliba ta kawo furojet ɗinta a filash, na saka, fayil ɗin ya fito fari fat babu alamar Word a jikinsa, a ƙarshen sunansa an rubuta .pages. Na danna, na danna, ya ƙi. Ta ce ai a MacBook ɗin yayanta ta rubuta, can lafiya lau yake buɗewa, kwamfutata ce ta tsufa. Ranar Laraba kuma wani ya kawo katin ɗaurin aure da aka zana masa a Corel, nawa X7 ne, shi ma ya ƙi buɗuwa. Shi kuma cewa ya yi wanda ya zana masa HP gare shi, in sayi HP in huta. Dama ina tara kuɗin ƙaro guda biyu bayan sallah. To don Allah masana, wane kamfani ne kwamfutarsa take buɗe kowane irin fayil? Kada in zuba kuɗi a inda ba nan ciwon yake ba.

Sadiq_Beirut: Wa alaikumus salam Alhaji. HP kawai. Ka shigo Beirut Road ka ƙirga da idonka, a shago goma me aka fi jerawa? EliteBook. Caja, batir, allo, kibod, duk abin da ya lalace kafin ka gama shan ruwan leda an samo maka.

Dan_Fagge: Mai kaya ya zo tallan kayansa. Malam Sadiq, fayil aka tambaye ka, ba caja ba.

Injiniya_Nura: Abban Hanifa, an bar jaki ana dukan taiki. Dell ɗinka ba ta yi laifin komai ba. HP da Dell da Lenovo duk Windows ɗaya ce a cikinsu, kuma yawanci injin Intel ne ko AMD yake juya su. Kai, wasu laftof ɗin ma ba kamfanin da sunansa yake kan murfi ne ya haɗa su da hannunsa ba, akwai kamfanonin Taiwan irin su Quanta da Compal da suke haɗa wa manyan kamfanoni da yawa. Fayil bai san sunan da aka liƙa a murfi ba, manhajar da aka yi shi da ita ya sani, da shekarar fitowarta. Na ranar Litinin da Pages aka rubuta shi, manhajar rubutu ce ta Apple, Word ba ta karanta ta ko da a HP ɗin da aka ciro daga kwali yau da safe. Na ranar Laraba kuwa wanda ya zana katin Corel ɗinsa ya fi naka sabunta. X7 ta 2014 ce. In shi yana kan ta 2020 ko 2021, taka ba za ta gane abin da ya adana ba. Matsala biyu ce daban, kuma babu wadda sayen sabuwar kwamfuta zai warkar.

Sadiq_Beirut: Injiniya kana ɓata mana kasuwa fa.

Injiniya_Nura: Ai ban hana shi saye ba, na hana shi saye da tunanin magani ne.

Ummi_Gwale: Ni dai tunda na koma MacBook ban ƙara sanin wani abu wai shi ƙwayar cutar filash ba. Batir kuma in na cika shi da safe har la'asar ina aiki, a garin nan da wuta sai ta ga dama. Ku yi ta fama da Windows ɗinku.

Dan_Fagge: Anti Ummi, ai 'yan MacBook ɗin ne suka jefa bawan Allah a wannan halin. Ku rubuta a gida cikin jin daɗi, ku zo ku tsaya a kan mai shago kuna ce masa kwamfutarsa ta tsufa.

Ummi_Gwale: Wannan rashin sanin yarinyar ne, ba laifin na'ura ba. A cikin Pages ɗin akwai inda za ka fitar da aikin a matsayin Word ko PDF, ko minti ɗaya ba a yi. Kuma akwai Word na Mac, ni shi nake amfani da shi. Abban Hanifa, in an sake kawo maka irinsa kuma mai shi ba zai iya komawa gida ba, ka shiga iCloud ta burauza a Dell ɗin taka, ka ɗora fayil ɗin, zai buɗe, ka sauke shi a Word. Sai dai kana buƙatar asusun Apple da data.

Abban_Hanifa: Hajiya na gode. Ita yarinyar ta koma ta kawo na Word ɗin washegari, amma shafi 84 ta ce min, a wajena ya zama 91. Teburan babi na huɗu duk sun tsallaka, jerin abubuwan da ke ciki bai dace da lambar shafi ba. Sai da na zauna da ita har bayan magariba muna ja muna turawa.

Baffa_Maɗaba'a: Bari tsoho ya sa baki. Na fara wannan sana'a da PageMaker, manhajar tsara shafukan littafi, lokacin da yawancinku kuna firamare. Yau shekara da shekaru ke nan da aka daina fitar da ita, ta 7 ce ta ƙarshe a 2001, amma har gobe akwai littattafan addini da na makarantun Islamiyya da suke kwance a wannan tsarin a cikin tsofaffin kwamfutocin garin nan. In mai littafi ya zo yana son a sake bugawa, sai mu tayar da wata tsohuwa da muka ajiye a lungu musamman don wannan, mu kaɗe mata ƙura. Na hana yara taɓa ta.

Maganar Corel kuwa, ɗana Abban Hanifa, ka riƙe wannan. Babba yana buɗe na ƙarami, ƙarami ba ya buɗe na babba. X3 lamba 13 ce, X7 lamba 17, X8 lamba 18, daga nan suka koma kiran shekara, ta 2019 ita ce 21. In mai zane zai adana aiki, a wannan akwatin da yake rubuta sunan fayil akwai wajen zaɓar lamba. Ya zaɓi 17 ya turo maka, shi ke nan. Yaran yanzu ba sa duba wajen, sun ɗauka duk duniya irin tasu ake da ita. Wani lokacin ma sai na yi zango biyu, a sauke min zuwa X7, ni kuma in sauke zuwa 13, saboda kwamfutar da take haɗe da injin yanka sitika X3 ce a kanta kuma ba ni da niyyar taɓa abin da yake aiki.

Abu na biyu, kafin ya turo, ya zaɓi rubutun duka ya danna Ctrl da Q, rubutun ya zama zane. In bai yi ba, ko fayil ya buɗe, font ɗin da ya yi ado da shi in babu a wajenka wani za ta saka maka. Mun taɓa buga katin biki ɗari biyar, sunan amarya ya karye gida biyu, rabi a sama rabi a ƙasa, yaron da ke kan injin bai lura ba. Ranar na ga ɓacin ran uwar amarya. Mu muka ci asarar takardar.

Zee_Graphics: Baba Allah ya ƙara girma, amma ku ma ku tausaya mana. Mu sayi sabuwar manhaja, mu koyi sababbin dabaru, mu zo maɗaba'a a ce mu koma 2006. In na sauke aiki zuwa 13 inuwar da na saka da yadda launi yake narkewa cikin wani duk sai sun canza kama. Kwastoma kuma ni zai kira, ba ku ba.

Baffa_Maɗaba'a: 'Yata, to ki kawo PDF mana. Wa ya hana ki? Ki fitar da shi a CMYK, tsarin launin maɗaba'a, ki bar masa gefen yanka. Matsalarku ku kawo PDF sannan ku tsaya a kaina ku ce a canza kwanan wata, an ɗaga bikin.

Zee_Graphics: Wallahi Baba wannan gaskiya ne, na yi dariya. Ba a taɓa katin biki a Kano ba a dawo gyaran rana ko wajen kamu ba.

Dan_Zazzau: Ni ThinkPad nake riƙewa shekara takwas, ta faɗo daga kan babur a Ɗan Agundi ta tashi ta ci gaba da aiki. Kanawa dai ba ku san kaya ba, in dai abu yana ƙyalli shi ke nan.

Dan_Fagge: Ji Bazazzagi. Baƙar aba kamar akwatin kafinta ita ce kaya? Ka zo birni ka waye ka ƙi.

Dan_Zazzau: Akwatin kafintan nan IBM ce ta ƙirƙire shi kafin Lenovo ta sayi sashen a 2005. Ku tambayi masu rubutu da yawa wane kibod ne ya fi daɗin yatsa.

Injiniya_Nura: Mu dawo kan shafi 84 da ya zama 91, don wannan ya fi na Pages yawan faruwa, kuma yana faruwa ko tsakanin HP da HP. Abu uku nake fara dubawa. Girman takarda: kwamfutoci da yawa suna zuwa a saite a kan Letter ta Amurka, mu kuma A4 muke bugawa, ta fi ta tsawo ta fi ta ƙanƙantar faɗi, layuka dole su motsa. Sai font. Word 2003 da Times New Roman take farawa, daga 2007 aka koma Calibri, yanzu kuma masu Microsoft 365 Aptos suke samu. In ɗalibi ya rubuta da wanda babu a Office 2010 ɗin shago, Word ba za ta yi maka gardama ba, shiru za ta yi ta musanya da wani, kuma faɗin haruffan ba ɗaya ba ne. Mac ma tana da nata irin su Helvetica da ba sa zuwa da Windows. Na uku shi ne halin ɗalibanmu: maimakon su saka umarnin sabon shafi, sai su yi ta danna Enter har babi ya sauka. Layi ɗaya ya motsa a shafi na 3, komai ya rushe har shafi na 80.

Maman_Ilham: Injiniya kamar kana gidanmu. Haka na yi nawa, Enter da sarari. Daren da zan kai wa sufabaiza na kwana ina kuka.

Malamin_Nahawu: Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban tanka ba, amma tunda an zo kan font, mu masu rubutun Hausa namu ciwon ya fi na kowa. A da kwamfuta ba ta da ƙ da ɗ da ɓ. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar da font masu ƙugiya, irin su Rabi'at da Abdalla, kuma sun yi wa harshen nan hidimar da ba za a manta ba, da su aka buga littattafai da kundaye masu yawa. Dabarar irin waɗannan font ita ce a ari wani maɓalli da Hausa ba ta cika amfani da shi ba a ɗora masa harafi mai ƙugiya. A wasu q ne yake fitowa ƙ, x ya fito ɗ, v ya fito ɓ. A wasu kuma alamomin baka ne aka ara. To a ido ƙasa kake gani, amma a cikin fayil qasa ce a rubuce. Ranar da fayil ya je kwamfutar da ba ta da font ɗin, asiri ya tonu: qasa, xalibi, varawo, ko kuma ka ga }asa da ]aya.

Yanzu an wuce nan. Unicode, tsarin haruffa na bai ɗaya da na'urori suke bi, ya ba kowane harafi mai ƙugiya lambarsa, Windows tana da kibod ɗin Hausa a cikinta sai dai ka kunna, wayoyi ma haka. Wanda ya rubuta da shi, ko a Mac ko a Dell ko a waya aka buɗe, ƙ tana nan ƙ. Amma har yau ɗalibai suna kawo min aiki da tsohon tsari saboda masu buga musu da shi suka saba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mai gyaran gaggawa, wanda zai ce wa Word ta mayar da duk v ta zama ɓ a kundi gaba ɗaya. Sai ka je shafin manazarta ka tarar da Uniɓersity. Na gani da idona ba sau ɗaya ba, har a abin da aka riga aka yi wa bango.

Dan_Fagge: Uniɓersity! Allah ya gafarta Malam ka kashe ni.

Abban_Hanifa: Malam, wannan ni ma ina da laifi a ciki. Rabi'at ce a kwamfutocina duka uku, da ita yarana suke bugawa. In na koma sabon tsarin, tsofaffin ayyukan da ke wajena fa?

Malamin_Nahawu: Kada ka goge ta, ka bar ta don tsofaffin. Sabon aiki dai a fara shi da Unicode. In za ka juya tsoho, ka zaɓi sassan Hausa kaɗai ka yi musanyar, ka tsallake manazarta da duk inda aka kawo Turanci. Kuma manyan baƙaƙe daban ake yinsu, misali Q zuwa Ƙ, ka kunna inda Word take bambance babba da ƙarami.

Sadiq_Beirut: To duk naku ya ƙare dai a kan kwamfuta za a yi aikin. Alhaji in za ka saya, kada ka karɓi ƙasa da ƙarni na takwas na Intel. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga ƙarni na takwas take karɓa, da ɗan guntun tsaron nan TPM 2.0. EliteBook 840 G5 ta shiga, G3 ba ta shiga ba. A Dell, Latitude 7490 ta shiga. Kun ga na faɗi ta Dell ma, kada a ce son kai.

Dan_Zazzau: ThinkPad T480 ma ta shiga. Ka faɗa mana, bakinka ba zai ƙone ba.

Habu_Gyara: Ana dora 11 a kan tsofaffin ma, kullum muna yi. Sai dai gaskiya ba na ba mai shago shawarar haka, don ranar da wani sabuntawa ya ƙi shiga kai da kwastoma za ku tsaya kuna kallon juna. Ni abin da nake gani a teburina, kowane kamfani yana da na ƙwarai yana da na banza. Wadda aka yi don ma'aikatu daban, wadda aka yi don a sayar da araha a kanti daban, ko da suna ɗaya ne a murfi. Zafin Kano da ƙurar hunturu ba sa tambayar suna. In ba a buɗe ta an share fanka ba, ko ta wane gari ce za ta yi zafi ta mutu.

Akanta_Bello: Tunda abin ya zama kowa ya kawo kukansa. Na yi wa wani kamfanin sayar da kayan masarufi lissafin albashi a Excel ɗina, na yi amfani da XLOOKUP, dabarar nemo bayani a tebur. Na tura wa magatakardansu, shi Office 2016 gare shi. Da ya taɓa ɗaki ɗaya, rabin takardar ya koma #NAME?, a gaban dabarar kuma wani _xlfn ya fito. Ya kira maigidansu ya ce na turo musu ƙwayar cuta. Fayil ɗin xlsx ne, ya buɗe lafiya, amma dabarar babu ita a 2016 da 2019, sai 2021 da 365. Dole na koma VLOOKUP na sake ginawa. Wato ko fayil ya buɗe ba shi ne an tsira ba. Kuma mu biyun duk HP ne, Malam Sadiq.

Sadiq_Beirut: Na ji, na ji. Yau ranata ce.

Arc_Fatima: Mu ma a zanen gini haka ne. Tsarin DWG, wato fayil ɗin AutoCAD, yana canzawa ne lokaci-lokaci: 2007, 2010, 2013, sai 2018 wanda ake kai har yanzu. Mai AutoCAD 2010 ba zai buɗe na 2018 ba. Ni na saita tawa ta riƙa adanawa a 2010 kullum, don ban san wa zai karɓa ba a wajen masu buga manyan takardu. Akwai kuma DWG TrueView, kyauta ce daga Autodesk, tana sauke fayil zuwa tsohon tsari. Amma Baba Baffa, ku ma fa wani lokacin ku motsa. In kiɗa ya canza rawa ma canzawa take.

Baffa_Maɗaba'a: Hajiya, da tsohuwar zuma ake magani. Ki ba ni kuɗin lasisin kwamfuta shida in motsa gobe.

Ustaz_Kabiru: Baba ya taɓo inda nake jira. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, dalilin da ya sa kowa ya maƙale a inda yake shi ne yawancin manhajojin nan ba saya muka yi ba, dora mana aka yi a kasuwa, kuma muna tsoron taɓawa kada ta kulle. Haƙƙin mutane ne fa, ko ba Musulmi ba ne. Akwai LibreOffice kyauta, halal, tana buɗe doc da docx. Akwai Inkscape don zane.

Zee_Graphics: Ustaz Allah ya saka, amma ka taɓa kai fayil ɗin Inkscape maɗaba'a a garin nan? Kallon da za a yi maka ma ya isa. Adobe kuma tun 2013 suka koma kuɗin wata-wata, da dala. Yarinyar da take zana katin suna tana samun na sabulu ina za ta kai?

Ustaz_Kabiru: Ban ce da sauƙi ba ƙanwata. Na ce dai mu san matsayin abin.

Injiniya_Nura: LibreOffice tana da kyau, ina amfani da ita, amma ga mai shago irin Abban Hanifa ba za ta rage masa tsallen shafi ba, wataƙila ma ta ƙara, don yadda take jera layi ba daidai yake da na Word ba ɗari bisa ɗari. Haka WPS da ɗalibai suke rubutu da ita a waya. Wannan rikicin ma ba sabo ba ne. Waɗanda suka yi aiki a 2007 za su tuna lokacin da docx ya fito, duk shagunan garin nan suna kan Office 2003, sai da aka riƙa dora wani ƙarin kunshi daga Microsoft kafin a buɗe. Mutane a lokacin ma cewa suke kwamfuta ce ta lalace.

Editan_Zoo_Road: Anti Ummi ta ce ba ta da matsala, bari in tuna mata faifan ajiya. Mac tana karanta faifan da aka tsara a NTFS, tsarin Windows, amma ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. Windows kuma ba ta ganin faifan da aka tsara da tsarin Mac kwata-kwata, har ta ce maka ka goge shi. Wani yaronmu ya taɓa danna eh, aikin biki na kwana uku ya tafi. Mu yanzu duk faifan da zai yi yawo tsakanin ɗakunan tace hoto exFAT muke masa, kowa yana karantawa yana rubutawa. FAT32 ma kowa yana gani amma ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai gig 4, bidiyon kamu ɗaya ya wuce nan. Sannan Final Cut, manhajar tace bidiyo, a na'urorin Apple kaɗai take, in abokin aikinka Premiere gare shi a Windows ba za ka miƙa masa aikin haka kawai ya ci gaba ba. A nan kam sunan kamfani yana da tasiri, Injiniya.

Injiniya_Nura: Na yarda, tsakanin Apple da sauran akwai katanga ta gaske. Ko Corel ɗin ma an daɗe babu ta Mac, sai 2019 ta dawo. Tun da suka koma injinsu na M1 a 2020 kuma, dora Windows kai tsaye ta Boot Camp ya ƙare. Abin da na musa shi ne katanga tsakanin HP da Dell.

Ummi_Gwale: To ai ni ban ce ya cika shago da Mac ba. Amma guda ɗaya ta hannu a gefe ba za ta yi masa amfani ba? 'Yan iPhone kullum ƙaruwa suke.

Maman_Ilham: Wai ni hoton iPhone ɗin ma, me ya sa in na kai a cike min fom a kafe sai a ce ba ya hawa?

Habu_Gyara: Tsarin hoton nan HEIC ne Hajiya, tun iOS 11 a 2017 suke ɗauka da shi. Ki shiga saitin kyamara, wajen tsarin hoto, ki zaɓi wanda ya fi dacewa da sauran na'urori, zai koma JPG. Wanda kika riga kika ɗauka kuma ki tura ta WhatsApp a matsayin hoto, yana isa a JPG, sai dai ingancin ya ɗan ragu.

Abban_Hanifa: Jama'a Allah ya saka da alheri, na ƙaru fiye da abin da na tambaya. Mai katin ya dawo ɗazu, na kira wanda ya zana masa na karanta masa abin da Baba Baffa ya rubuta. Da farko ya ce shi bai san wajen ba, sai da na ce ya duba ƙasan akwatin. Ya turo a 17 ya buɗe, amma bai danna Ctrl da Q ba, bismillar da ke saman katin ta koma akwatuna ƙanana. Ya sake turowa karo na uku. Na rubuta takarda na liƙa a ƙofa: a kawo PDF tare da na gyara. Maganar saye kuma har yanzu ban yanke ba, yarona na shago ya nace sai HP wai ta fi kyan gani a idon kwastoma.

Sadiq_Beirut: Yaron nan yana da hankali. A ba shi lambata.

Dan_Zazzau: A ba shi T480 ya riƙe sati ɗaya tukuna.

Baffa_Maɗaba'a: Takardar ƙofar nan ba za su karanta ba, ni tawa ta shekara huɗu har ta koɗe. Larabci kuma ka riƙa dubawa da idonka kafin ka buga ko da ya zama zane, wani lokacin tun daga wajen mai zanen haruffan suke rabuwa ko su juya baya, shi bai iya karantawa ba balle ya gani.

Hafsat_Dorayi: Salam, yi haƙuri na shigo a makare. Ni kundin mahaifina ne, Allah ya ji ƙansa, yana cikin irin ƙaramin faifan nan mai murabba'i na da, guda shida, an rubuta 1998 a jiki da biro. Muna so mu buga shi littafi. Akwai wanda har yanzu yake da abin karanta su a Kano? Kuma in an samu, Word ɗin yanzu za ta buɗe?

Habu_Gyara: Amin. Akwai abin karantawa mai igiyar USB, ina da ɗaya a wani kwali, sai na duba ko yana aiki. Kada ki bari kowa ya saka su a wani abu kafin nan, kuma ki nisanta su da lasifika ko duk abin da yake da maganaɗisu.

Malamin_Nahawu: Allah ya gafarta masa. In da Hausa ya rubuta, 'yata, ki duba cikin faifan ko ya ajiye font ɗin tare. Mutanen lokacin da yawa suna yin haka.